Waya da Ƙwallo a Ƙasar Gobir: Gaskiya ko Jita-jita?

Daga Sabon Birni zuwa Isa, har ƙauyukan da ke kewaye da kufan Alkalawa, tsohon birnin Gobir da ya faɗi a 1808, abu biyu ba sa rabuwa a bakin samari: waya da ƙwallo. Saurayin da ya fi kowa sanin kan manhajoji a majalisa, shi ake tambaya ƙarfe nawa Arsenal za ta buga. A shagon caji ake gardamar Messi da Ronaldo, a gidan kallo kuma ake tura wa juna manhaja ta Xender kafin a dawo daga hutun rabin lokaci. Inda hira ta yi yawa haka, dole gaskiya ta cakuɗe da jita-jita.

Mun ɗauko wasu maganganu da suka zauna daram a tsakaninmu, muka auna su da abin da aka tabbatar. Kaɗan ne daga cikinsu ƙarya tsagwaronta. Ruwa ba ya tsami banza: wasu gaskiya ne a zamanin da ya shuɗe, wasu gaskiya ne a wani wurin, aka tsinko su aka dasa inda ba muhallinsu ba. Shi ya sa mai hankali ma yakan faɗa cikinsu, shi ya sa kuma musu kaɗai ba ya kawar da su sai an nuna inda suka samo asali.

Sabuwar waya sai ta kwana a caji kafin a kunna ta

Wannan shawara ta taɓa zama daidai. Lokacin da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, da yawa daga cikin wayoyin farko batirinsu na sinadarin nikel ne. Irin wannan batir yana son a cika shi taf a karon farko, a kuma bar shi ya sauka sosai kafin a sake jona shi. Masu sayar da waya na wancan lokaci suka koya wa masu saye, su kuma suka koya wa ƙannensu, maganar ta zama gado.

Batirin ya canza, shawarar ba ta canza ba. Wayoyin yanzu batirinsu na litiyom ne, kuma yana fitowa daga masana'anta da cajinsa, a shirye don aiki. Barinsa ya mutu murus a kai a kai ma rage masa kwana yake yi. Ya fi jin daɗi idan ana jona shi tun yana da saura, a cire shi in ya kusa cika.

Babban maƙiyin batir a wajenmu shi ne zafi. A watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 a ƙasar Sakkwato, ka leƙa shagon caji da rana tsaka: wayoyi sun kai hamsin a jere a kan katako ƙarƙashin kwano, wasu a kan wasu, kowace da 'yar takardar lamba an maƙala mata, inji na ruri a bayan shago. Ka taɓa ɗaya ka ji kamar ta fito daga tanda. Wannan zafin, da caja mai araha da ba ta iya tace wutar inji, su ne ke kumbura batir. Haka nan kallon wasa na minti 90 alhali waya na jone da wuta. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga murfin waya kuwa ba abin lallaɓawa ba ne, a kai shi wurin mai gyara a canza shi, don yana iya kamawa da wuta.

Kamfanonin waya ne ke sace mana data

A nan akwai ƙorafi na gaskiya da ya gauraye da zargi. Farashi ya tashi, wannan ba a musu: a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara har kashi 50 cikin ɗari. Akwai kuma tsare-tsaren da mutum ke shiga ba da saninsa ba, irin su waƙar kira ko saƙon sakamakon wasanni, waɗanda ke zaftare kuɗin kati kullum. Wanda ya ga haka na faruwa da shi zai iya danna *305# ya dakatar da su, in kuma kamfani bai share masa hawaye ba, ya kira 622, layin ƙorafi na NCC, kyauta.

Amma yawancin datar da muke cewa ta ɓace, wayarmu ce ta cinye ta a gabanmu. Da sabis ya koma 4G, manhajojin bidiyo kan zaɓi hoto mafi kyau da kansu, hoto mai kyau kuwa ya fi cin data nesa ba kusa ba. Wasa ɗaya da aka kalla da hoto garau zai iya lashe sama da gigabayt ɗaya. Ga zaurukan WhatsApp na magoya baya, inda kowane bidiyon ƙwallo da aka tura yake sauka da kansa ko ba a buɗe ba. Ga manhajoji na sabunta kansu da dare. Abin da ya sa zargin ya fi karɓuwa shi ne ba ma ganin wannan cin da idonmu, sai saƙon “datarka ta ƙare” kawai muke gani. A cikin saitin kowace waya akwai wurin da ke jera manhajoji da abin da kowace ta ci. Wanda ya leƙa wurin sau ɗaya yakan gane ɓarawon nasa.

Airtel ɗin Nijar da na Najeriya duk abu ɗaya ne

Wannan magana tamu ce ta mutanen iyaka. Igiyar sabis ba ta san shingen kwastan ba, don haka a ƙauyukan arewacin Sabon Birni waya kan kama ƙarfen sabis na ɓangaren Maraɗi ba tare da mai ita ya taka ko'ina ba. Da yawa sun san amfanin haka tun Satumban 2021, lokacin da aka katse sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa, saboda matsalar tsaro. Layin Nijar ya zama hanyar jin muryar dangi ga waɗanda suke iya samunsa.

Ita ma wannan magana tana da tushe. A 2007 kamfanin Celtel ya shigar da Najeriya da Nijar cikin wani tsari da ya ba mai layi damar tsallaka iyaka ba tare da biyan kuɗin baƙunta ba. Daga baya kamfanin ya koma Zain, a 2010 kuma ya koma Airtel, tsare-tsare suka yi ta sauyawa. Abin da bai sauya ba shi ne kowace ƙasa da lasisinta da hukumarta da kuɗinta: lambar Nijar da +227 take farawa, ta Najeriya da +234. Layinka na Najeriya in ya hau ƙarfen Nijar, baƙo ne a can, kuma datar da ka saya a gida ba lallai ta bi ka ba. Mai zama a bakin iyaka ya kashe wurin da ke ba waya izinin amfani da data a wata ƙasa, ya kuma zaɓi kamfaninsa da hannu maimakon ya bar wayar ta zaɓa.

Tecno da Infinix abokan gaba ne

Ana gardamar waɗannan wayoyi kamar ana gardamar Real Madrid da Barcelona. Tecno da Infinix da itel duk 'ya'yan gida ɗaya ne, kamfanin Transsion da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Ya raba sunayen ne don ya kama kowane irin aljihu. Mai son zaɓen waya ya duba girman batir da ma'adana da ƙarfin injinta, ya bar suna.

In maƙwabci ya riga ka ihun ƙwallo, sabis ɗinka ne ya lalace

Kowa ya san wannan takaici. Kana zaune da waya a hannu, ɗan wasa bai ma ajiye ƙwallo don bugun kusurwa ba, sai ihu ya ɓarke daga gidan kallo na bakin kasuwa. Ka san an ci, sai dai ka jira ka ga yadda aka ci. Sai a ɗora wa sabis laifi, wani har ya canza layi.

Ko da sabis ɗinka ya fi na kowa kyau, gidan kallo zai riga ka. Dish ɗinsu yana karɓar hoto ne daga tauraron ɗan'adam da ke nisan kusan kilomita 36,000 a sama. Nisan da yawa, amma zuwa da dawowar saƙon bai fi kwatar daƙiƙa ba, kuma hoton yana kwarara ne ba yankewa. Kallo ta intanet tsarinsa daban. Ana yanyanka bidiyon gutsi-gutsi, kowane gutsure na 'yan daƙiƙoƙi, wayarka kuma ba ta fara nunawa sai ta tara wasu a ajiye, don kada hoto ya tsaya in sabis ya yi rawa. Wannan ajiyar ita ce jinkirin, kuma takan kai rabin minti ko fiye. Shafukan da ke nuna wasa ta bayan fage sun fi kowa jinkiri, domin su ma sato hoton suke yi daga wani wuri su sake turowa.

Manhajojin sakamako kuwa sukan riga har dish ɗin, tunda rubutu kawai suke aikowa. Shi ya sa za ka ga wani a layin baya na gidan kallo ya duba waya ya yi murmushi tun kafin a buga fanareti. Ba duba yake yi ba. Mu dai roƙonmu gare shi, ya riƙe bakinsa.

VAR na'ura ce, ba ta kuskure

Da masu cewa VAR ba ta kuskure, da masu cewa an saita ta ne don ta taimaki manyan ƙungiyoyi, duk sun ɗauka cewa inji ne ke yanke hukunci. Mutane ne. Alƙalai ne zaune a ɗaki suna sake kallon bidiyo, suna magana da alƙalin fili ta kunne, kuma hukuncin ƙarshe nasa ne. Abu huɗu kaɗai aka ba su damar sa baki a kai tun farko: cin ƙwallo, fanareti, jan kati kai tsaye, da kuma in an hukunta wani ɗan wasa a madadin wani. An fara amfani da tsarin a Gasar Kofin Duniya a 2018, Firimiyar Ingila kuma ta ɗauke shi a kakar 2019/2020.

Tunda mutane ne, suna kuskure. Ranar 30 ga Satumba 2023, Luis Díaz na Liverpool ya ci Tottenham, mai tuta ya ɗaga cewa satar gida ce. Alƙalin ɗakin bidiyo ya duba ya ga ƙwallon halas ce, amma ya zaci a fili ma an karɓe ta, sai ya ce ya gama dubawa. Aka ci gaba da wasa ba ƙwallo, Tottenham ta yi nasara da ci 2 da 1. Hukumar alƙalan Ingila ta amsa laifi, har ta saki sautin maganar da aka yi a ɗakin. Rashin fahimtar juna ne tsakanin mutane, irin wanda ke faruwa a kowane wurin aiki.

Ruɗanin ya zo ne daga haɗa VAR da wata fasaha daban, wadda ke tantance ko ƙwallo ta tsallake layin raga. Wannan kam kyamarori ne ke aikin, agogon hannun alƙali ya girgiza cikin daƙiƙa ɗaya. Firimiya ta fara amfani da ita tun 2013.

Duk wasannin Turai an riga an tsara su

“Wanga wasa an sai da shi!” Ba a raba gidan kallo da wannan kalma a duk daren da babbar ƙungiya ta sha kashi. Kuma ba za mu ce ba a taɓa cuwa-cuwa a ƙwallo ba. A 2006 an kama shugabannin wasu ƙungiyoyin Italiya da sa hannu wajen zaɓen alƙalai, aka jefa Juventus rukuni na biyu, aka ƙwace mata kofuna biyu. A nan gida, a Yulin 2013, ƙungiyoyi biyu masu neman hawa rukuni sun ci abokan karawarsu 79 da nema da kuma 67 da nema a rana ɗaya, Plateau United Feeders a kan Akurba, Police Machine kuma a kan ƙungiyar Babayaro. Hukumar ƙwallon Najeriya ta haramta wa waɗanda ke da hannu wasa har abada.

Sai dai a lura da abu ɗaya: waɗannan mun san su ne saboda asiri ya tonu. Tsara wasa na buƙatar bakin mutane da yawa, kuma baki da yawa ba ya riƙe sirri. Da a ce wani ne ke rubuta sakamakon Firimiya, da Leicester City ba ta ɗauki kofi a 2016 ba, ƙungiyar da ta sha da ƙyar daga faɗuwa a kakar da ta gabata.  

Da maganar ta tsaya a huce haushin mai goyon baya, da ba mu daɗe a kanta ba. Illarta ita ce ta buɗe wa 'yan damfara ƙofa. Wanda ya yarda an tsara wasa, zai yarda akwai wanda ya san sakamakon. Sai ga wani a Telegram ko WhatsApp yana tallan “tabbataccen wasa” a kan 'yan dubbai. Dabararsa tsohuwa ce: ya ce wa rukuni ɗaya masu gida za su ci, ya ce wa na biyu baƙi, na uku kuma canjaras. Dole ɗaya ya dace, su kuma su zama masu yi masa shaida. Ko ba a kawo hukuncin caca a addini ba, wanda kowa ya sani, tambaya ɗaya ta isa: mai sanin sakamakon gobe, me zai yi da dubu biyunka?

FIFA ce ke ba da Ballon d'Or, kuma ƙuri'armu na tasiri

Mujallar France Football ta ƙasar Faransa ce ta ƙirƙiro kyautar a 1956, kuma 'yan jarida ne ke zaɓe, ɗaya daga kowace ƙasa da aka ba dama. Ruɗanin ya samo asali ne daga shekarun 2010 zuwa 2015, lokacin da aka haɗe ta da kyautar FIFA, daidai lokacin da gardamar Messi da Ronaldo ta fi zafi kuma yawancin samarinmu suka buɗe ido da ƙwallo. Daga 2016 kowa ya kama gabansa, FIFA ta fito da tata mai suna The Best, wadda ita ce magoya baya ke da wani kaso a zaɓenta. Ɗan Afirka na farko da ya ɗauki Ballon d'Or shi ne George Weah na Laberiya, a 1995.

Saboda haka duk saƙon da ya ce ka latsa nan ka zaɓi gwaninka a Ballon d'Or, a ba ka kyautar data, tarko ne. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Irinsa ne manhajojin da ake turawa hannu da hannu da sunan kallon ƙwallo kyauta, waɗanda da ka ɗora su sai su nemi izinin karanta saƙonninka da lambobin mutanenka. Manhajar kallo ba ta da wata hulɗa da saƙon banki.

Akwai lambar da in ka ɗaga kiranta za ka mutu

A Satumban 2011 labari ya game Najeriya cewa duk wanda ya amsa kiran lambar 09141 zai faɗi matacce, har sai da NCC ta fito ta ƙaryata. Labarin bai mutu ba, lamba kawai yake canzawa duk bayan 'yan shekaru. A 2020 ya dawo da sabuwar riga, aka ce 5G ce ke kawo cutar korona. An samu mai cutar na farko a Najeriya a Fabrairun 2020, alhali MTN ba ta fara sayar da sabis na 5G ba sai 2022. Ƙwayar cuta ba ta hawa igiyar rediyo, kiran waya kuma murya yake ɗaukowa, ba guba ba.

Me ya sa irin wannan ke saurin yaɗuwa a wajenmu? Saboda ƙauna ce ke tura shi. Saƙon murya ne da Hausa, ya fara da sallama, mai maganar ya rantse cewa a garinsu abin ya faru, ya rufe da “don Allah ka tura wa 'yan'uwa”. A yankin da gargaɗi ta waya ya sha ceton rayuka, ba wanda yake son ya zama shi ne ya riƙe saƙo. Ba mu ga laifin wannan zuciya ba. Muna dai cewa a duba kan saƙon: in WhatsApp ya yi masa alamar kibiya biyu, yana nufin ya bi hannaye da yawa, kuma wanda ya turo maka bai san mai maganar ba. Kiran da ke cutarwa na gaske shi ne na mai murya mai daɗi da ya ce daga banki yake, ya nemi lambar BVN ko lambar sirri da aka turo maka yanzu. Banki ba ya tambayar wannan ta waya.

In an cire layi an sa sabo, wayar sata ta wanku

Layi daban, waya daban. Kowace waya tana da lambarta ta haihuwa mai alƙaluma 15, ana kiranta IMEI, kuma duk sa'ad da ta hau sabis sai ta gabatar da wannan lamba, ko wane layi ke cikinta. Tun Disambar 2020 kuma aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN ta mai shi. Ma'ana, wanda ya sayi wayar hannu a kasuwar Isa ko ta Shinkafi ba tare da ya san asalinta ba, ya sa layinsa a ciki, sunansa ne zai fito ranar da aka biyo sawu, ɓarawon kuwa ya daɗe da shan kwana. Mutanen kirki da yawa sun kwana a hannun hukuma ta wannan hanya.

In za ka sayi wayar hannu, ka nemi rasit ko kwali, ka sa mai ita ya cire asusunsa na Google a gabanka, a kuma yi cinikin gaban shaidu. Taka da ke hannunka yanzu, danna *#06#, lambar za ta fito. Ka rubuta ta a takarda ka ajiye a gida, ba a cikin wayar ba.